Ghali da Tsoho Mai Alfadari

Mutuwa dai ba a faɗar ta a waya, ba a wajen mutanen Magarya ba. In uwar mutum ta rasu yana ƙasar waje, sai a nemi wani babba da ke kusa da shi a ɗora masa saƙon, ya je ya zaunar da shi, ya kama hannunsa, sannan ya faɗa masa. Shi ya sa da Inna Biba ta cika, babban ɗanta Idrisu bai kira ƙaninsa Moussa ba. Sai ya kira Ghali.

To wa za a kira in ba Ghali ba? Mutumin Zangon Daura ne, tsallaken iyaka kaɗan. Matarsa 'yar ƙanwar Inna Biba ce, ya girmi Moussa nesa ba kusa ba, ga shi ɗaki ɗaya suke kwana a unguwar Jaradiya a birnin Riyad. Uwa uba kuma bakinsa. Ghali in ya fara zance ko kurma sai ya waigo.

"Ka bar mini, Idrisu," in ji shi ranar, murya na rawa, don shi ma ya ci tuwon Inna Biba ba sau ɗaya ba. "Yau ɗin nan zan faɗa masa."

Yau ɗin nan! Aka kwana aka tashi, sati ya zagayo, wani ya kama hanya, Ghali bai ce uffan ba.

Moussa magini ne. A Dir'iyya yake aiki, inda ake tayar da tsoffin gidajen laka, wuni yake a saman katanga. Da safe Ghali sai ya ce wa ransa, in na faɗa masa yanzu ya hau sama da wannan a zuciya ya faɗo fa? Bari sai yamma. Da yamma Moussa ya dawo buɗu-buɗu, yunwa na cinsa, ai ba a faɗa wa mai jin yunwa mutuwa. In ya ci ya yi hamdala ya miƙe ƙafa yana dariya, sai Ghali ya ce haba, a bar bawan Allah ya kwana lafiya, gobe ma rana ce. Uzuri dai ba ya ƙarewa a bakin matsoraci. Kuma Ghali ya san sunan abin da yake yi, shi ya sa abinci ya daina wuce masa, ya rame, har Madam ɗin da yake tuƙa wa mota ta tambaye shi ko ciwo yake.

Shi kuwa Moussa ya san dai Inna ba ta da lafiya. Kullum sai ya kira gida. Yau a ce masa tana barci, gobe a ce an kai ta likita Damagaram. Da abin ya ishe shi sai ya roƙi mudir ɗinsu, wato shugaban aikin, hutu, ya yi rajista da masu motar umara, ya ce zai je gaban Ka'aba ya roƙa wa Inna lafiya. Motar za ta tashi ranar Juma'a bayan la'asar daga unguwar Dira.

Da hantsin Juma'ar Idrisu ya sake kira. Ghali ya fita tsakar gida da sauri ya ɗauka.

"Ghali, ka ji tsoron Allah," in ji Idrisu, ko gaisuwa babu. "Ka mayar da mu maƙaryata muna cikin makoki. Sauda matar Moussa ta ce ita ba za ta ƙara ɗaukar wayar mijinta ba, ta gaji da yi masa muryar lafiya. Yanzu kuma mun ji zai tafi umara. Ka bar shi ya je ya roƙa wa wadda ke kabari lafiya? In ya sani ai sai ya yi mata umarar, tunda ya yi tasa bara. Kafin ya hau motar nan, Ghali. Na roƙe ka."

"Kafin ya hau, in sha Allah."

Kuma har ga Allah ya yi niyya. Sai dai maimakon ya shiga ɗaki ya zaunar da ƙaninsa kamar yadda iyaye da kakanni suke yi, dabara ya ɓullo da ita. Ku ji dabarar banza.

Suna da al'ada a ɗakin nan. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci an ci abinci, sai a kunna fim a tsohuwar talabijin ɗin da wani ya bar musu da zai koma gida. A lokacin babu gidan silima ko ɗaya a Riyad, a filas ake loda fim a shagunan waya na Dira. Ghali ne mai fassara. Shi ya yi sakandare, kuma tun yana yaro mayen fim ɗin kaboyi ne. Zai zauna a kan bokiti kusa da talabijin, rimot a hannu, Bature na magana yana juyawa da Hausa nan take. Ba fassara kawai yake ba, gishiri da yaji yake zubawa. Sai ka ji kaboyi ya sauko daga doki ya ce, "Kai yaro, uban wa ya ɗaure maka gindi a garin nan?" ɗaki ya kwashe da dariya.

A cikin satin ne, yana zaune a mota a ƙofar wani kanti yana jiran Madam, ya kalli wani fim a wayarsa da ya sa gumi ya karyo masa duk da sanyin da ake yi. Labarin wani tsoho ne da aka aika ya kai saƙon mutuwa, ya kasa. Shi ne Ghali ya ce yauwa. Zai kunna musu shi, ya gyara wa tsohon baki a fassara, ya nuna tausayi ne ya hana shi magana. In Moussa ya ce Allah sarki, tsohon nan ba shi da laifi, to ƙofa ta buɗe, sai ya faɗi nasa. Wato so yake a yafe masa tun kafin ya amsa laifi.

Su huɗu ne ranar. Ga Bachir, ɗan Maraɗi, mai gashin kaza a wani gidan abinci, wanda bai iya magana a hankali ba ko a masallaci. Ga Kamil, ɗan Kano, ɗalibi a jami'a, wanda kullum sai ya ce shi tuwo ya kawo shi ba kallo ba, amma shi ke fara gyara zama. Ga Moussa, ya sha aski, ya sa farar jallabiya, jakarsa a bakin ƙofa da haraminsa a ninke a sama, da wata jarka ta roba.

"Ta zamzam ce," in ji shi da ya ga Ghali na kallon jarkar. "In na samu mai zuwa gida sai a kai wa Inna. Yaya, ba ka ci komai ba fa. Matso da hannunka."

Ghali ya kai loma ɗaya baki. Ya tashi ya hau bokitinsa ya kunna fim.

Fim ɗin ya buɗe da ruwan sama da taɓo. Wani ɗan ƙauye na katako, annoba ta shiga, ana ta fitar da gawa a amalanke. Wani tsoho mai gemu kamar tsumma yana haƙa kabari shi kaɗai, ya tura gawar wata mata a ciki da bargonta, ya mayar da ƙasa.

"A'uzubillahi!" in ji Bachir. "Ba wanka, ba likkafani, ba salla? Kamar an binne mage!"

"Yi shiru mana," in ji Ghali. "Wannan shi ne Tsoho Mai Alfadari. Matar nan mijinta yana can kan duwatsu yana haƙar zinariya. Mutanen gari sun ce tsoho ya je ya faɗa masa."

Tsoho ya ɗaura wa alfadarinsa kaya ya kama hanya. Aka yi ta tafiya, aka yi ta tafiya, ba kiɗa ba magana, sai numfashin alfadari. A hanya ya wuce wani mutum a rataye a bishiya, ya tsaya ya cire masa takalmi ya sa a ƙafarsa, ya wuce. Da ya isa kan dutsen sai ga wani saurayi ja, mai jan gashi, ya fito daga rami da shebur. Ghali nan take ya raɗa masa suna Jatau.

Jatau ya rungume tsoho yana tsalle. "Baba! Ashe rai kan ga rai!" in ji Ghali da muryar saurayi. "Ya mutanen gida? Ya uwargida?" Tsoho ya buɗe baki. Kyamara ta tsaya a kan fuskarsa, ta tsaya, ta ƙi tafiya. Can ya ce wata kalma guda.

"Ya ce lafiya lau," in ji Ghali a hankali.

"Kai!" in ji Bachir. "Tsohon banza!"

Jatau ya yanka akuyarsa guda ɗaya tilo, ya ba tsoho gadonsa, shi ya kwanta a ƙasa. Ya ɗauko wata 'yar jakar fata ya nuna masa garin zinariyar da ya tara, yana lissafa abin da zai yi wa matarsa: gida mai taga ta gilashi, saniya, zane mai ruwan bula. Tsoho yana ta gyaɗa kai yana tsotsar ƙashi. Har da ƙirƙiro gaisuwa, wai ta ce a gaya masa ya riƙa rufe ƙirjinsa saboda sanyi. Ƙanƙara ta sauko ta toshe hanya, tsoho ya zauna daram.

Sai aka nuno shi shi kaɗai a turke yana yi wa alfadarinsa magana. Abin da ya faɗa da Turanci ba shi da daɗin ji. Cewa ya yi shi matsoraci ne, nan akwai miya mai zafi da shimfiɗa busasshiya, in ya faɗi gaskiya ya rasa su. Amma ga abin da ya fito daga bakin Ghali:

"Kai alfadari, kai ne shaidata. Tausayin yaron nan nake ji. Kullum yana cikin rami, in na faɗa masa ya rikice ramin ya rufta da shi fa? Allah ya ga zuciyata, lokacin da ya dace nake jira."

Kamil ya ɗago kai ya dubi Ghali. Ya san Ghali da ƙarin gishiri, amma yau ba gishiri aka ƙara ba, miyar aka canza gaba ɗaya.

Shayin Bachir ya nuna, aka tsayar da fim don a zuba.

"Ni fa ban gane ba," in ji Bachir, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa. "Wannan wane irin kaboyi ne? Ina dokin, ina tseren, ina jarumin? Tun ɗazu ba a harbi kowa ba sai kare. Mutane duk dauɗa, haƙora kamar sun shekara suna cin goro. Ghali, a bola ka tsinto shi?"

Kamil ya riga ya ciro waya yana dubawa. "Ai ba kai kaɗai ba ne. Nan an ce da ya fito a can ƙasarsu, 'yan kallo sun riƙa ficewa tun bai kai rabi ba. Wani ya rubuta cewa ya biya ya kalli taɓo. Amma masu sharhi sun yabe shi ƙwarai, har kyauta aka ba wanda ya fito a tsohon. Sun ce shi ne ya nuna zamanin yadda yake, ba ado, ba jarumi."

"Kyauta? Don ya yi ƙarya ya cinye akuyar mutane? To ni ma a ba ni, na iya."

"Ba ƙarya ba ce irin wadda kake nufi," in ji Ghali, da zafin da ya ba kowa mamaki. "Kai ka taɓa kai saƙon mutuwa? Ka san nauyinsa? Mutum yana dariya, ka zo ka kashe masa dariyar da bakinka? Tsohon nan son yaron yake!"

"So? Munafunci dai. Amana aka ba shi."

"Al-amanatu thaƙila," in ji Kamil, yana hura shayinsa. "Amana nauyi gare ta. Amma jinkirta ta ba ya rage mata nauyi."

Ghali ya juya wajen wanda saboda shi aka yi duk wannan. Moussa yana zaune ya jingina da bango, ya riƙe ɗan kofinsa da yatsa biyu. Shi dama ba mai yawan magana ba ne a wajen kallo.

"Moussa, kai fa? Me ka gani?"

"Ni dai tausayi ya kama ni, Yaya."

Zuciyar Ghali ta yi tsalle. Ga ƙofar nan, ta buɗe.

"Amma ba na tsohon ba," in ji Moussa. "Matar nake ji. Tana can kwance cikin ƙasa, mijinta ko sau ɗaya bai ce Allah ya jiƙanta ba. Yana nan yana yi mata tanadin zane. Ita aka cuta, ita da ba ta da bakin magana."

Wallahi da Ghali yana da sauran ƙarfin hali, nan ne wurin. Mutane na zaune, mai karatu na kusa, Moussa ya ci ya sha, zuciyarsa ta yi laushi. Ya ji maganar ta taso masa har bakin haƙora. Ya dubi agogon bango, ya dubi jakar da ke bakin ƙofa. Sai babban yatsansa ya danna rimot, fim ya ci gaba. Ya tsani kansa a lokacin kamar ya tofa wa kansa yawu.

Bachir ya samu harbin da yake nema, amma bai ji daɗinsa ba. Wasu 'yan fashi uku suka hawo dutsen, su ma yunwa ta koro su, ɗaya ko takalmi babu. Suka nemi jakar zinariya. Tsoho ya ce a ba su. Jatau ya ce ina, ta matarsa ce. Aka kaure a cikin taɓo, ba salo ba burgewa, bindiga ta ƙi tashi, aka koma cizo da shebur. Jatau ya kashe biyu, na ukun ya gudu, amma an sare masa yatsu uku na hannun dama. Tsoho ya sa wuƙa a wuta ya ƙone masa dungulmin, Jatau na ihu yana kiran sunan matarsa, jakar na ƙirjinsa ya ƙanƙame.

Fassarar Ghali ta koma guntu-guntu, ba yaji ba barkwanci. "Ya ce riƙe nan." "Ya ce da sauƙi." Rigarsa ta jiƙe a baya.

Ƙanƙara ta narke. Wani ɗan koli ya hawo da jakinsa yana tallan allura da gishiri. Da ya ga Jatau sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya yi masa ta'aziyya, a zatonsa tsohon labari ne. Wannan ko fassara ba ya bukata. Bachir ya dafe kai.

Jatau ya shiga bukka. Tsoho na zaune a bakin murhu da kwano a hannu. Jatau ya ɗauki bindiga da hannun hagu, ya daɗe yana riƙe da ita, sannan ya ajiye. Ya miƙa hannu ya karɓe kwanon daga hannun tsoho, ya kifar da miyar a wuta. Ya yi magana a hankali, idonsa na kan ƙofa.

Ghali ya fassara: "Ya ce, Baba, na san don ni ka yi. Na yafe maka duniya da lahira."

"Tsaya," in ji Moussa. "Yaya, mayar da shi baya kaɗan."

"Lokaci fa na tafiya, motarka..."

"Kaɗan dai."

Ghali ya mayar. Jatau ya sake karɓe kwano, ya sake kifar da miya, ya sake magana yana kallon ƙofa.

"Haba Yaya," in ji Moussa yana murmushi. "Ni ban ji Turanci ba, amma wa ya taɓa yafe wa mutum ya ƙwace masa kwano? Ko kallonsa bai yi ba. Malam Kamil, don Allah me ya ce?"

Kamil ya dubi Ghali kamar mai neman izini. Ghali ya sunkuyar da kai.

"Cewa ya yi, duk garin sun yi mata kuka, har waɗanda ba su san ta ba. Ni kaɗai ne ban yi ba. Kai ka hana ni."

"Ka ji magana!" in ji Bachir. "Yo wannan ai ita ce magana!"

Moussa ya yi dariya ya tafa. "Yau dai an kama Yaya. Ashe haka kake yi mana duk Juma'a, kana sa wa Turawa..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga fuskar Ghali. Hawaye ne ke zuba, har suna ɗiga daga gemu. Ghali ya kashe talabijin. Ya sauko daga kan bokitin, ya ja gwiwa har gaban Moussa, ya kama hannunsa na dama da hannu biyu.

Duk wanda ya tashi a ƙasarsu ya san wannan riƙon. Murmushin Moussa ya ɗauke.

"Moussa, kai Musulmi ne," in ji Ghali. Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa, yau da ƙyar kalma ke fita. "Ka san duk mai rai..."

"Inna?"

"Allah ya yi mata cikawa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Kamil, Bachir ya kama, suka yi ta maimaitawa. Moussa ma ya faɗa, sau ɗaya, sau biyu, a na uku muryarsa ta karye. Ya sa hannun hagu ya rufe idonsa, kafaɗunsa na girgiza. Bachir, duk haukansa, ya matso ya dafa shi yana cewa ya haƙuri, ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Kamil ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, suka shafa. Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar.

Moussa ya share fuska da hannun riga. "Yau da safe ne? Na ga ka fita da salula."

Ga wata ƙofar ƙarya a buɗe, mai sauƙi, da Idrisu ma ƙila ya rufa masa asiri. Ghali ya girgiza kai.

"Jiya?"

"Ranar da aka yi ruwan nan."

Ba wanda ya manta ranar, don ruwan sama a Riyad ba kullum ba ne. Titi ya cika, aka tashi su Moussa daga aiki tun kafin azahar, ya dawo a jiƙe yana murna kamar yaro, ya dafa musu shinkafa da wake, suka ci su biyu a faranti ɗaya yana ba Ghali labarin yadda Inna ke tara ruwan indararo. An kwana biyu da yin wannan. An kwana da yawa.

Bachir ya buɗe baki, ya dubi talabijin ɗin da ke kashe, ya dubi Ghali. Karo na farko a rayuwarsa ya rufe bakin bai ce komai ba.

Moussa ya zare hannunsa daga na Ghali, a hankali, ba da fizga ba.

"Ashe har an yi sadakar uku. An yi ta bakwai."

"An yi."

"Ni ina kan katanga ina waƙa. Shi ya sa Sauda take ce mini mura take. Kullum mura. Na ce mata ta sha citta." Ya dubi Ghali a karo na farko tun da aka faɗa masa. "Yaya Idrisu bai taɓa yi mini ƙarya ba tun ina yaro. Kai ka sa shi."

"Ni ne. Tsoro ne, Moussa, ba wani tausayi. Fim ɗin ma da gangan na kawo shi, don ka ce tsohon ba shi da laifi. Ka ga iyakar lalacewata."

Moussa ya tashi ya yi alwala, suka fita masallaci su huɗu. Da aka idar ya tsaya ya tambayi Kamil yadda ake niyya in umarar ta wani ce, Kamil ya faɗa masa, ya maimaita har ya riƙe. Suka dawo ɗaki ya rataya jakarsa.

Ghali ya zaro makullin motar Madam. "Zo in kai ka, kar ta tashi ta bar ka."

"Bar shi, Malam Ghali. Bachir zai raka ni titi in samu tasi."

Malam Ghali. Da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

"Moussa, don girman inda za ka, ka yafe ni."

Moussa ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba shi baya. Ya daɗe a haka.

"Yanzu ban iya ba. In na ce na yafe, ƙarya ta ƙaru, kuma ta isa haka. Ka dai kira gida. Ka ce musu na ji. Ka ce zan kira in na hau mota, kuma kowa ya yi mini magana da muryarsa."

Suka fita shi da Bachir. Kamil ya ɗauki takalminsa ya ce bari ya taka musu, ya ja ƙofa.

Ghali ya zauna a ƙasa a tsakiyar ɗakin, cikin kofunan shayi. Ya kira Magarya. Bugu ɗaya Idrisu ya ɗauka, kamar wayar na hannunsa tun safe.

"Na faɗa masa," in ji Ghali.

Idrisu ya sauke numfashi. Bai ce an gode ba, bai kuma kashe wayar ba. Ghali ya ji takunsa, ya ji ƙarar ƙyaure, ya ji ya ɗaga murya cikin gida: "Sauda! An faɗa masa."

Sai kuka ya tashi, na mace ɗaya, da ƙarfi, sabo fil kamar yanzu aka fita da gawar. Ghali ya kai yatsa zai kashe, sai ya fasa. Ya mayar da wayar kunnensa ya saurara har ta gama.